Ina Za Ka Kwana? Otal, Masaukin Ƙaramar Hukuma, Gidan Mutane ko Jeka-ka-dawo

Takardar da ake tura ma'aikaci aiki da ita takan faɗi garin da zai je, da ranar tashi, da kwanakin da zai yi, da wanda zai miƙa wa rahoto. Inda zai sa haƙarƙarinsa in dare ya yi kuwa, an bar shi da Allahnsa. In Kano aka tura ka ko Kaduna, da sauƙi, ka ɗauki waya ka zaɓi ɗaki. Sai dai ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kuma aikin duba rigakafi, da na zaɓe, da na ƙidaya, da binciken rijiyoyin burtsatsen da aka ce an haƙa, da sayen hatsi ko shanu, duk a can ciki ake yin su, a garuruwan da in ka sa sunansu a manhajar neman otal sai ta nuno maka ɗaki a babban birnin jiha.

Na yi shekaru ina wannan yawo, kuma duk masaukin da zan ambata na kwana a irinsa, wani na yi barci, wani ido biyu har kiran assalatu. Galibi abu huɗu ne a gabanka: ko ka kama ɗaki a otal ɗin garin in akwai, ko ka nemi masaukin ƙaramar hukuma, ko ka sauka gidan mutum, ko kuma ka kwana a babban gari mafi kusa kana zuwa kana komawa kullum, wato jeka-ka-dawo.

Kafin kai ka zaɓa, aljihu ya riga ya fara zaɓa maka. A Satumbar 2022 gwamnatin tarayya ta sabunta alawus ɗin kwana na ma'aikatanta: mai mataki na 1 zuwa 4 naira 10,000 a dare, mai na 7 zuwa 10 naira 17,500, mai na 16 da 17 naira 37,500. A lokacin litar fetur ba ta kai naira 200 a hukumance ba. Wata tara bayan nan, ranar 29 ga Mayu 2023, aka cire tallafin mai, lita ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. Ma'aikacin wucin gadi ma ba a maganarsa, don shi sau da yawa sai ya dawo, ya kai rahoto, ya yi ta sintiri, sannan ya ga kuɗinsa. Riƙe wannan a ranka, don duk lissafin da ke tafe a kansa ya ginu.

Jeka-ka-dawo

Wannan ne mutanen birni suka fi so, kuma na fahimci dalili. Ruwan famfo, gado mai tsabta, sabis ɗin waya da zai tura rahoto da dare. Amma ɗauki biro. A ce aikinka a Illela yake, kai kuma ka ce sai dai ka kwana Sakkwato. Tsakaninsu kimanin kilomita 85 ne, zuwa da dawowa 170. In motarka tana cin lita ɗaya a kowane kilomita 10, lita 17 ke nan a rana. In lita tana naira 1,000, mai kaɗai ya lashe kusan duk alawus ɗin mai mataki na 8, ba a biya ɗaki ba, ba a ci tuwo ba.

Asarar da ta fi ta mai ita ce ta safiya. Masu rigakafi sukan ɗauki akwatunansu na ƙanƙara su fita da sassafe, kasuwar dabbobi takan yi zafi kafin rana ta take, malamin da ba ya zuwa makaranta da ƙarfe takwas ake gane shi. In ka iso ƙarfe goma, ka iso bayan an shirya maka abin da za ka gani. An share harabar asibiti, an cike rajista da biro ɗaya, an nemo yaran da za su zauna a aji. Da ƙarfe uku kuma direba ya fara duban agogo yana cewa, "Yallaɓai, hanyar nan fa ba ta son yamma." Gaskiyarsa. Sai ka ga kwana huɗun da aka ba ka sun koma aikin yini biyu.

Ga kuma hanyar ita kanta. Wanda ya kwana a garin sau biyu zai bi ta, shiga da fita. Mai jeka-ka-dawo na kwana huɗu sau takwas zai bi ta, a mota ɗaya, kusan a lokaci ɗaya, sau da yawa da tambarin ma'aikata a jikin ƙofa. A yankin da 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto, wannan kamar ka ba su jadawalinka ne. Kuma in dare ya riske ka a tsakani, babu gida babu masauki. Ranar 9 ga Fabrairu 2020, matafiyan da suka iso Auno bayan an rufe shingen shiga Maiduguri da yamma suka kwana cikin motocinsu a bakin titi, aka far musu cikin dare, aka kashe mutum aƙalla 30. Tun daga nan duk hanyar da sojoji ke rufewa, tambayata ta farko ita ce ƙarfe nawa, kuma nakan rage awa ɗaya a kan abin da aka gaya mini.

Inda jeka-ka-dawo ke da kyau shi ne inda tazarar gajera ce kuma hanyar na da jama'a. Mai aiki a Maigatari ya kwana Gumel, babu laifi, musamman daren Laraba, don ranar Alhamis kasuwa ke ci kuma fatake sun riga sun cika kowane lungu. Da damina dai ka tambayi lafiyar gadoji kafin ka dogara da wannan. Wanda ya yi aiki a Jigawa lokacin ambaliyar 2022 ya san yadda tafiyar rabin awa ke komawa ta kwalekwale.

Otal ɗin garin

Kalmar otal a ƙaramin gari tana ɗaukar abu biyu da ba su haɗa hanya ba. Akwai gidan saukar baƙi da wani ɗan siyasa ko tsohon ma'aikaci ya gina, ɗaki shida ko takwas, da katanga da maigadi. Akwai kuma na bayan tasha, wanda ainihin sana'arsa ba kwana ba ce, ɗakunansa da awa ake hayarsu, kiɗa kuma sai ƙarfe biyu. Ɗan acaɓa in ka ce masa "kai ni otal" zai dube ka ya yi maka hukunci da ido, ya kai ka wanda ya ga ka yi kama da shi. Ka ce masa inda ma'aikatan gwamnati ke sauka. Kwana ɗaya a na bayan tasha ya isa gari ya ba ka suna, kuma in Hisba ko 'yan sanda suka kai samame, katin aikinka sai a ofishinsu za a duba shi.

Ko na kirkin ma, sai ka iya tambaya. In ka ce "akwai wuta?" amsar kullum "akwai" ce. Abin da ake nufi shi ne akwai janareta, kuma za a tayar da shi in baƙi sun kai su biya kuɗin mai. Na taɓa zama ni kaɗai baƙo a wani gida, manaja ya zo da ladabinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kai ɗaya ne, in ka ƙara na galan sai mu tayar zuwa sha ɗaya." Ban ga laifinsa ba, lissafi ne. Don haka tambayar da ke da amfani ita ce ƙarfe nawa ake tayarwa, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma baƙi nawa ne yau. A garuruwan kan iyaka abin ya fi tsanani, don a Nuwamban 2019 kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, garuruwa irin su Illela da Jibiya da Maigatari suka koma hannun 'yan bumburutu, man galan kuwa tsadarsa a kan kuɗin ɗaki ta riƙa ƙarewa.

In aka ba ni zaɓi tsakanin ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki da janareta, da ɗaki mai fanka da sola, na biyun nake ɗauka ba tare da na yi shawara da kowa ba. A watan Afrilu, a Nguru ko Gwadabawa, sanyin awa uku sannan a kashe inji a bar ka cikin ɗaki mai taga ɗaya azaba ce. Fankar da za ta juya har asuba ta fi. A Oktoban 2024, da layukan lantarki suka lalace yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, masu sola ne kaɗai ba su canza farashi ko alkawari ba. Kuma in janareta ne, dubi inda aka ajiye shi. In yana baranda ko gindin tagarka, nemi wani ɗaki. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi.

Kafin ka biya, shiga ɗakin. Ɗaga gefen katifa ka dubi ɗinkin: ɗige-ɗige baƙaƙe ko shafin jini a bango, kuɗin cizo ne, kuma zai biyo ka gida cikin jaka. Murɗa famfo. In bai kawo ba, tambayi ko da rijiya a gidan ko sai an jira 'yan ga-ruwa da safe. Rufe ƙofa ka gwada sakata daga ciki, don makullin da aka ba ka ba shi kaɗai ba ne.

Babban ciwon otal ɗin ƙaramin gari shi ne "an riƙe maka ɗaki". An riƙe ɗin, har zuwa lokacin da ayarin wani ɗan majalisa ko 'yan ɗaurin aure daga Abuja suka iso suka kama gidan gaba ɗaya. Tura kafin alƙalami ta waya ma bai cika tsare ka ba, sai a mayar maka da kuɗinka da ban haƙuri. Abin da na ga yana aiki shi ne ɗan garin da manaja ke jin kunyarsa ya je da ƙafarsa ya biya, ya karɓi makulli ya sa a aljihu.

Duk da wannan, otal na da abu biyu da sauran ba su da su. Yana ba ka rasit, wanda akanta zai nema in ka zo cire kuɗi. Kuma ka biya ka fita, babu wanda ke binka komai. Nan gaba za ka ga darajar wannan.

Masaukin ƙaramar hukuma

Asalinsa tsoho ne. Zamanin Turawa, Di'o, wato baturen da ke kula da gunduma, in ya fita rangadi a bariki yake sauka, kowane bariki kuma da mai kula da shi, Sarkin Bariki, wanda ke tanadin ruwa da itace. Masaukin ƙaramar hukuma jikan wannan barikin ne, kuma har yau rayuwarsa a hannun mutum ɗaya take, wato dattijon da makulli ke wurinsa.

Wata rana mun isa wata hedikwatar ƙaramar hukuma daf da magariba, sakatare ya riga ya tabbatar mana ta waya cewa komai ya kammala. Muka tarar da ƙofa a garƙame. Aka ce mai makulli yana gona. Aka tura yaro a keke. Bayan isha ya iso, muka gaisa, na ce, "Baba, an ce an gaya maka muna tafe." Ya ce, "Wallahi ɗana, yanzu nake ji." Da ya buɗe, falon cike da buhunan gero na wani babba, silin ya rufto gefe guda, warin kashin jemage ya tare mu tun daga bakin ƙofa. Gado na nan, katifa ce dai aka ara ba a dawo da ita ba. Dattijon ya je gidansa ya kawo mana tabarmi biyu da tulun ruwa, muka kwana a baranda.

Ba duka ne haka ba. Na sauka wani da aka gyara bai fi wata shida ba, ya fi otal ɗin garin komai. Matsalar ita ce ba ka iya sani daga nesa, kuma wanda ya kwana a can bara labarinsa ya tsufa. Wani lokaci ɗakunan kirkin an riga an zaune su: sabon baturen 'yan sanda da bai sami gida ba, alƙali, masu yi wa ƙasa hidima, ko jami'an tsaro da aka kawo. In kuma babban baƙo ya faɗo daga jiha, kai ne za a ce ka ɗan matsa. Kyauta ne a baki, amma mai na janareta naka ne, tukuicin Baba naka ne, rasit kuma babu.

Abu biyu nake dubawa kafin in amince da shi. Na farko, a ina yake? Galibi a bayan gari aka gina su, kusa da sakatariya, inda da ƙarfe huɗu kowa ya watse. A gari mai zaman lafiya wannan shiru ne mai daɗi. A gari mai fama da hare-hare kuwa, ginin gwamnati ne keɓaɓɓe da babu maƙwabcin da zai ji ihunka. Na biyu, me ya kawo ni? In ayyukan ƙaramar hukumar na zo dubawa, to na zama baƙon ciyaman tun kafin in buɗe fayil.

Gidan mutane

A nan maganar ke da tsawo, don shi ne mafi daɗi kuma shi ne mafi tsada, sai dai tsadarsa ba a ranar ake biya ba.

Babu otal ɗin da zai ba ka abin da gidan ɗan gari ke bayarwa. Tuwo mai zafi da dare, kunu ko koko da safe, ruwan wanka a bokiti tun kafin ka nema. Abin da ya fi abinci kuma shi ne labari. Maigida ne zai ce maka, "Malam, gobe kada ku bi ta hanyar gabas, jiya an ga baƙin babura." Manajan otal bai san ina za ka ba, bai kuma dame shi ba. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, baƙon da ba shi da ɗan gari makaho ne sosai, ba ya kira ba a kiransa, taswirar wayarsa ba ta buɗewa. Da ɗan gari kan ci gari, kuma a irin wannan lokaci da shi ake fita daga garin lafiya.

Gidan ma iri-iri ne. Gidan abokin aiki, kamar shugaban asibitin garin ko hedimasta ko malamin gona, shi ya fi sauƙin nauyi, don ya san aikin, ya san kana bukatar soket da tebur da awa biyu na shiru. Gidan hakimi ko dagaci ya fi kowanne tsaro da daraja, duk wanda ya san a nan ka sauka zai buɗe maka ƙofa. Ko ba a can za ka kwana ba, ka je ka kwashi gaisuwa ranar da ka iso, ka ce, "Allah ya ja zamaninka, mun zo aiki kaza, kwana kaza za mu yi, a wuri kaza muka sauka." Minti goma ne, kuma daga nan an san da zamanka. Amma kwana a fada yana nufin zaure ba ya rabuwa da mutane, hira har sha biyu, kuma ba ka tashi kafin mai gari ya tashi. Rahotonka sai dai ka rubuta shi da tocila bayan kowa ya kwanta.

Ɗan kasuwa kuwa yana da nasa tsarin tun kaka da kakanni, wato fatoma. Shi ke sauke ka, ya ciyar da kai, ya ajiye maka kuɗi, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in an yi bashi, ladansa kuma a la'ada yake fitowa. A kan haka cinikin shanu da goro ya tsaya tsakanin Arewa da unguwar Sabo ta Ibadan da zangunan Gana. Ga mai sayen dabbobi ko hatsi, ban ga abin da ya fi shi ba. Ka dai sani cewa dillalan da zai nuna maka nasa ne, don haka ka zaga kasuwa kai kaɗai ka ji farashi kafin ka zauna ciniki.

Yanzu ga bashin. Hadisi ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ne. Mai masaukinka ba zai taɓa tuna maka ba, amma buhun geronsa yana ƙirgawa, kuma kazar da aka yanka maka wataƙila ta kuɗin makarantar wani ce. Miƙa masa kuɗi a hannu cin fuska ne. Sai dai tsaraba: shinkafa, sukari, sabulu, turmin atamfa ga uwargida, ɗan abin alawa ga yara ranar tafiya. In ka haɗa, ya kusa kuɗin otal, kuma babu rasit. Bayan wata shida kuma waya za ta yi ƙara, ɗansa ya gama difloma, ko za a samu wani abu a ofishinku. Ba zalunci ya yi ba, haka zumunci yake tafiya, amma ka san da shi kafin ka ajiye jaka.

Wanda aikinsa hukunci ne, shi kam gidan mutane ya haramta gare shi, a ganina. Mai binciken kuɗi, mai duba kwangila, ma'aikacin zaɓe, mai tantance waɗanda za su sami tallafi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko da kai zuciyarka ba ta karkata ba, gari ya riga ya karkatar da kai, don ƙaramin gari a rabe yake gida biyu ko uku, kuma ƙofar da aka ga ka shiga ita ce jam'iyyarka. Na taɓa rubuta rahoton gaskiya tsantsa a kan wani aiki, aka yi watsi da shi a zaman da aka yi, don wani ya miƙe ya ce, "Ai a gidan ƙanin ɗan kwangilar ya kwana." Ban ma san ƙaninsa ba ne sai ranar.

Akwai kuma haƙƙin maigidan da mukan manta. A yankin da ake satar mutane, farar Hilux a ƙofar gidan talaka talla ce. Kai za ka tafi ranar Alhamis, shi yana nan da iyalinsa. In dole ka sauka gidan mutum a irin wannan wuri, motar ta kwana a ofishin 'yan sanda ko harabar asibiti, kai ka taka da ƙafa.

Ga mace, jerin nan kusan juyewa yake yi. 'Yar'uwa, otal ɗin da zai ba abokin aikinki 'yanci ke surutu zai jawo miki, a wasu garuruwan ma sai an tsare ki da tambayar ina mijinki kafin a ba ki ɗaki. Cikin gida kuwa, wurin uwargida, kin fi namiji sakewa, don shi a shago ko zaure za a ajiye shi, ko bayi zai shiga sai an yi masa iso. Mafi kyau duka, in akwai, shi ne gidan ma'aikaciyar jinya ko ungozoma a harabar asibiti: mace ce 'yar'uwarki, ma'aikaciya ce, akwai maigadi, kuma asibitin da ke ajiye allurar rigakafi galibi yana da sola. A Taraba da Adamawa da Filato da kudancin Kaduna kuma akwai masaukan coci-coci, masu tsabta da araha, ana rufe ƙofa da wuri. Waɗanda na sauka a cikinsu ba su tambaye ni addinina ba, ɗaya ma har ya nuna mini gabas.

Wasu wuraren zaɓin ba naka ba ne. A garuruwan Borno irin su Ngala da Bama da Monguno da Banki, ma'aikatan agaji a sansanonin da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ke gudanarwa suke kwana, da jirgi mai saukar ungulu ake kai da yawansu, kuma ko waɗannan sai da aka kai wa na Dikwa da Damasak hari a 2021. A can abin da jami'in tsaron ƙungiyarka ya ce shi ke nan. Gembu kuwa, a saman tsaunin Mambila, tambayarka ba fanka ba ce, bargo ne da ruwan zafi, kuma kada sanyi ya sa ka rufe ɗaki da kaskon gawayi a ciki, gubarsa ɗaya da ta janareta. Masallaci da tasha da benci a ofis, waɗannan na wanda mota ta lalace masa ne. In ya kama, ka nemi liman ko shugaban tasha ka gabatar da kanka kafin ka shimfiɗa.

To wanne za ka ɗauka?

Ni ga yadda nake yi. In aikin na bincike ne ko zaɓe, otal nake nema ko da ya fi muni, in babu sai jeka-ka-dawo, in sha tsadar mai. In aikin haɗin kai ne da mutanen gari, kamar rigakafi ko horar da manoma, kuma bai wuce kwana uku ba, gidan abokin aiki. In zai kai mako biyu ko wata, nakan sauka gidan mutum daren farko kawai, washegari in roƙe shi ya nemo mini ɗakin haya ko ya raka ni wurin manajan otal a yi jinga ta mako, wadda kullum ta fi ta kwana-kwana sauƙi. Masaukin ƙaramar hukuma sai in wanda na yarda da shi ya shiga cikinsa a makon nan ya turo mini hoto, hoton bayi da silin, ba na allon ƙofa ba. Babban gari kuma sai in tafiyar ba ta wuce minti 40 ba kuma direbobin tasha, ba jami'an ofis ba, sun ce hanyar lafiya.

Ko wanne ne, ka isa da rana. Duk wata wahalar masauki da na sha, in na bi sawunta, sai in tarar na iso ne bayan magariba, lokacin da ba ni da bakin cewa a'a. Ka riƙe tsabar kuɗi da za ta kai ka kwana biyu, don wanda ya yi tafiya a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ya ga yadda mai kuɗi a banki ke rasa na shayi, kuma ko yau sabis in ya ɗauke mai POS rufe rumfa yake yi.

A jakata kullum akwai gidan sauro da igiyarsa da ƙusa huɗu, zanin gado, ƙaramin kwaɗo, tocila, buta, da batirin cajin waya. Takalmi nakan kife shi in kaɗe da safe saboda kunama. A wayata kuma, kowane gari da na taɓa kwana na ajiye lamba biyu, ta ofis da ta mai makulli. Waccan ƙaramar hukumar da muka kwana a barandarta ta yi ciyaman uku tun daga lokacin. Bara da aka sake tura ni, Baba na kira tun ana saura kwana biyu, ya ce an kwashe geron, katifa dai har yanzu ba ta dawo ba, in taho da tawa.